Wa Ya Yi Sallama Kafin Ya Kalla?

A shekarar 1988 wata Bafalasɗiniya mai suna Mona Hatoum ta fitar da wani ɗan fim na minti 15, kuma abin da ke cikinsa hotunan mahaifiyarta ne tana wanka. Na san yadda wannan magana ta sauka a kunnenku. Rabin masu karanta mujallar nan sun riga sun ce a'uzubillahi, ɗaya rabin kuma sun fara laluben waya su nemo. To duka ku dakata, don waɗanda suka tafi nema da haushi za su dawo. Hotunan dishi-dishi suke, da farko ma an matso da su kusa har ba ka iya rabe kafaɗa da gwiwa. A samansu kuma an shimfiɗa rubutun Larabci na hannun uwar, wasiƙun da ta riƙa aiko wa 'yarta daga Beirut. Rubutun ya zama labule. In kana son ganin matar, sai ka bi ta cikin kalmominta.

Hatoum ta je Landan ne a 1975 da niyyar 'yar gajeriyar ziyara, sai yaƙin basasar Labanon ya ɓarke, hanyar komawa ta toshe. Ziyara ta zama zama. Hotunan wankan ta ɗauke su a 1981, lokacin da ta samu ta leƙa gida. A cikin fim ɗin, wanda ta sa wa suna “Measures of Distance”, wato awon nisa, kana jin muryarta tana karanta wasiƙun da Turanci a hankali, a ƙarƙashin muryar kuma ga tsohuwar hirarsu da Larabci, uwa da 'ya suna ta dariya. Wani wuri a cikin wasiƙun uwar ta tuna yadda maigidanta ya ji haushin ɗaukar hotunan, kamar an shiga gonarsa ba da saninsa ba. Sannan ta ce wa 'yar ta yi amfani da su a aikinta, amma kada ta kuskura ta gaya wa babanta. Duk wadda ta taɓa zama a ɗakin Mama aka rage murya don Baba ya shigo tsakar gida, ta san wannan wurin ba sai an yi mata fassara ba.

Na kawo wannan ne don in faɗi ra'ayina a kan wani nau'in fasaha da ake yi wa kallon banza a makarantar nan, har a sashenmu na koyon aikin jarida inda ya kamata a fi kowa sanin kyamara. Ina nufin finafinan da ake shirya wa ɗaki na musamman a gidajen baje kolin fasaha, waɗanda ba a kai su sinima ko talabijin, kuma da yawansu a kan jikin ɗan Adam suke magana, da kusancin da ke tsakanin jiki da jiki. Duk ranar da zancensu ya taso a aji, sai wani daga baya ya ce iskancin Turawa ne aka sa masa rigar ilimi, a yi dariya, a wuce. Ni kuwa ina ganin tambayar da muke yi ce gajeriya. Mu kullum tambayarmu ita ce, wane sashe na jiki aka gani? Akwai biyu da suka fi ta nauyi: wa ya ba da izinin a kalla, kuma a ina mai kallon yake tsaye? In da waɗannan za a yi awo, wallahi wasu daga cikin finafinan nan sun fi abin da ke yawo a wayoyinmu kowane dare kunya, nesa ba kusa ba.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake, don wanda bai taɓa cin karo da shi ba. Ni dai fim ɗin ɗaki nake ce masa. A sinima kujera ake ba ka, a kashe fitila, fim ya fara ƙarfe kaza ya ƙare ƙarfe kaza, kowa ya fuskanci gaba. A fim ɗin ɗaki babu wannan. Sau da yawa juyawa yake yi, in ya ƙare ya sake farawa, tun safe har a rufe gidan. Majigi na iya zama ɗaya, na iya zama biyu ko biyar, kuma ana iya haska hoton a bango, a ƙasa, ko a rufi. Mai aikin ne ke yanke faɗin ƙofa, da yawan duhu, da inda sauti zai fito, da ko za ka zauna ko a tsaye za ka kalla. Wato ɗakin ma cikin aikin yake, kai ma da ka sa ƙafa ka zama cikinsa.

Hatoum ɗin dai ita ta yi misalin da ya fi fito da wannan fili. A 1994 ta yi wani aiki mai suna “Corps étranger” da Faransanci, baƙon abu a cikin jiki ke nan, aka kafa shi a cibiyar Pompidou da ke birnin Paris. Wani farin ɗaki ne zagayayye kamar rumbu, mai siraran ƙofofi biyu. In ka shiga, hoton yana ƙasa a gaban ƙafafunka, zagayayye kamar bakin rijiya. Abin da ke ciki kuwa jikinta ne. Ta sa likita ya yi amfani da irin siririyar kyamarar nan da ake zura wa mara lafiya a asibiti don a duba hanji, kyamarar ta bi fatarta, ta bi idonta, sannan ta shige ciki. Daga bango kana jin numfashi da bugun zuciya. Wurin tsayawa kaɗan ne, dole ka raɓe a jikin bango, in ba haka ba ka taka hoton. In kuma ka tarar da wani a ciki, to kuna fuskantar juna, yana ganin fuskarka kana ganin tasa.

Ku lura da abin da ya faru. Da wuya a nuna jikin mace fiye da haka, tunda har cikin cikinta an shiga, amma babu abin sha'awa ko ɗaya a wurin. Ja ne, da laima, da motsi, irin wanda ke cikin kowa, daga shugaban makaranta har mai shara. Wanda ya shiga da mugun nufi shi zai fito yana jin kamar an kama shi. Tambayar da sunan aikin ke yi ke nan: wane ne baƙon? Kyamarar ce, ko ita da ke zaune a ƙasar da ba tata ba, ko kai da ka shigo da takalminka kana leƙa cikin mutum?

Wannan tsari ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Gidan Bahaushe na gargajiya haka aka gina shi. Akwai ƙofar gida, akwai zaure inda baƙo namiji ke tsayawa, akwai soro na biyu, sannan a karkata hanya ta yadda wanda ke waje ba zai hango tsakar gida ba. Bayan tsakar gida akwai rumfa, akwai labule, akwai ɗaki, akwai uwar ɗaka. Kowane mataki da wanda ya isa ya taka shi, kuma ba ka wuce ɗaya sai ka yi sallama an amsa. A wasu ƙofofin har da gawayi ko fenti ake rubuta “Ba a shiga”. Maginan da ba su yi difloma ba, amma sun san kusanci abu ne da ake aunawa da taku, kuma duk wanda ya shigo ana ganinsa. ('Yan sashen zanen gine-gine, ga batun bincike nan kyauta na ba ku.) Mai fim ɗin ɗaki abin da yake yi ke nan da duhu da haske. Zaure yake ginawa tsakaninka da jikin wani.

Waya kuwa ba ta da zaure. Abin dariya, zauren WhatsApp muke cewa, alhali wuri ne da ake jefo tsiraicin mutum tsakiyar jama'a ba ko sallama. Kowa a nan ya san abin da nake nufi. Kusan kowane zango sai ka ji an ce bidiyon wata ya fita. Wani lokaci saurayi ne da aka rabu da shi, wani lokaci abokiyar ɗaki ce ta ɗauka a hostel ana tsaka da canza kaya, wani lokaci mai gyaran waya ne. Kafin a yi sallar isha'i ya zaga sassa uku. Wanda ya kalla yana kwance shi kaɗai a kan katifarsa, ya ja bargo, ya sa iyafis, babu idon da ke kansa. Ya kalla sau biyu, ya tura wa abokinsa, ya rubuta “Allah ya shirya”, ya juya ya yi barcinsa. Da safe yarinyar ce ba za ta iya fitowa lakca ba. Shi kuwa yana layin gaba da biro a hannu. E, akwai dokar laifukan intanet tun 2015, amma wace yarinya ce za ta je caji ofis ta miƙa wa ɗan sanda wayar ta ce ga abin da aka yi mini, duba?

Kunya ba ta aiki sai da ido. Abin da waya ta yi mana shi ne ta ɗauke ido daga kan mai kallo, ta tara shi duka a kan wadda ake kallo. Fim ɗin ɗaki yana mayar da rabin nauyin inda ya fito. In ka daɗe a tsaye gaban wani hoto, na kusa da kai ya san ka daɗe. In ka fita da sauri, an ga fitarka. In ka yi dariya, dariyarka ce kaɗai za ta cika ɗakin.

Kuma ciwon ba sabo ba ne. A 2007, zamanin da ake tura abu ta Bluetooth, bidiyon sirri na wata jarumar finafinan Hausa ya fita. Ba zan kira sunanta ba, an kira shi ya isa. Ba fim ba ne, ba don kasuwa aka ɗauka ba, ba ta ce a nuna wa kowa ba. Amma ita ce ta ɓuya, a Kano aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka ƙara tsaurara tace finafinai. Ɗimbin mutanen da suka tura shi daga waya zuwa waya kuwa, kowa ya ci gaba da harkarsa. Shekara tara bayan haka, a 2016, ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, ka dai ga ma'aunin da muke aiki da shi: ina hannu ya taɓa, na daƙiƙa nawa. Ma'aunin nan bai taɓa tambayar mai kallo komai ba.

Ga wani aikin da ke nuna cewa kusanci ba a yawan fata yake ba. Steve McQueen, baƙar fatan Ingila da fim ɗinsa “12 Years a Slave” ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2014 (wanda Chiwetel Ejiofor ya ja), tun kafin ya shiga sinima a ɗakunan baje koli ya yi suna, har ya ci kyautar Turner a 1999. A 2004 ya yi wani fim mai suna “Charlotte”, bai kai minti 6 ba, babu magana, babu kiɗa, komai ja wur. Abin da ke cikinsa ido ɗaya ne, na jaruma Charlotte Rampling, da yatsan McQueen. Yatsan yana zagaya idon, yana shafa fatar da ke gefensa, yana ɗan ja, sannan ya taɓa ƙwayar idon kanta. Shi ke nan fim ɗin fa. Gwada ka kalli ko guntunsa ne ba tare da naka idon ya ƙifta ba. Jikinka ne zai amsa tun kafin tunaninka ya iso.

Ni a nan na ga abin da ake kira amana. Wa za ki bari ya kawo yatsa kusa da ƙwayar idonki? Mahaifiyarki, in tana hure miki ƙasa ko tana sa miki kwalli kina ƙarama. Likitan ido. Wataƙila mutum ɗaya bayan su. Matar nan ta zauna ta buɗe ido ta bari, kuma kowace daƙiƙa tana iya kawar da kai ta ce ya isa. Babu hukumar tace fim da za ta sami abin yankewa a ciki, amma ya fi duk wata rawa da waƙar soyayya da na taɓa gani a fim shiga jiki.

Haka ma barci. A 1963 Andy Warhol ya ɗauki John Giorno yana barci, fim ɗin ya haura awa 5. A 2004 kuma Sam Taylor-Wood ta ɗauki David Beckham yana barcin rana a Madrid bayan atisaye, fiye da awa guda, aka rataya allon a gidan ajiye hotunan mashahuran Ingila da ke Landan. 'Yan ƙwallon cikinmu za su ce to mene ne abin kallo? Abin kallon shi ne mutum ba ya barin a tsaya a kansa yana barci sai wanda ya amince da shi, kuma Beckham da saninsa ya kwanta. Kwatanta wannan da wasan da ake yi a hostel, a ɗauki mutum baki buɗe yana minshari, a sa masa waƙa, ya farka ya tarar da kansa a sitatus ɗin mutum goma. Hoto iri ɗaya ne, amma ɗaya kyauta aka bayar, ɗaya sata aka yi.

Shirin Neshat 'yar Iran ta kai abin wani wajen. A aikinta “Turbulent” na 1998, wanda ya ci kyauta a babban bikin fasaha na Venice a 1999, majigi biyu ne suke fuskantar juna, kai kana tsakiya. A bango ɗaya namiji ne cikin farar riga yana rera baitocin Jalaluddin Rumi, bayansa kujeru cike da maza, ya gama aka yi masa tafi. A ɗaya bangon mace ce, mawaƙiya Sussan Deyhim, lulluɓe da baƙin mayafi, ta juya baya, kujerun gabanta babu kowa, don tun bayan juyin juya halin 1979 aka hana mace rera waƙa ita kaɗai a gaban maza a Iran. Da ya gama sai ta fara. Babu kalma ko ɗaya a abin da take yi, numfashi ne da gurnani da wata ƙara mai fitowa daga ƙirji. Namijin yana tsaye a nasa bangon yana kallo, ya kasa motsi. Kai kuma ba za ka iya kallon su biyun lokaci ɗaya ba, dole ka juya wa ɗaya ƙeya. A waya, inda ake jera hotunan biyu gefe da gefe, wannan dolen ya ɓace, alhali shi ne aikin.

Kada wani ya tafi ya ce na ce duk abin da aka haska a ɗakin baje koli halal ne. Akwai ayyuka da yawa da ni ba zan shiga ɗakinsu ba, kuma ba zan so a kawo su nan ba. Akwai masu fakewa da sunan fasaha su yi abin da mai wayar nan yake yi, sai dai su kyamararsu ta fi tsada. Rigima a kan jiki kuma ba mu kaɗai muke yin ta ba. A 2005 Pipilotti Rist 'yar Suwizalan ta haska wani fim a rufin cocin San Stae da ke Venice, mutane suna cire takalma su kwanta rigingine suna kallon sama, a cikin fim ɗin kuwa mata biyu ne ba sutura a wani lambu. Aka yi ƙorafi, aka rufe wurin tun kafin wa'adin bikin ya cika. A Italiya fa. Kuma ina ganin masu cocin suna da hujja. Ɗakinsu ne, su ma suna da ikon cewa ba a shiga.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Bill Viola, Ba'amurken da ya rasu a 2024. A 1992 ya yi “Nantes Triptych”, allo uku a jere. Na hagu mace ce tana haihuwa, ta gaske. Na dama tsohuwa ce a kan gado tana numfashin ƙarshe, ita ma ta gaske, kuma mahaifiyarsa ce. Na tsakiya wani mutum ne da tufafinsa yana nutsewa yana tasowa a cikin ruwa. Masana suna yabon aikin nan ƙwarai, kuma na gane dalili, don ya ajiye ƙofar shigowa duniya da ƙofar fita a ɗaki ɗaya, ya ce ka tsaya tsakani. Amma mai haihuwar tana iya cewa e ko a'a. Tsohuwar fa? Ba ta cikin hayyacinta. Ɗanta ne ya yanke mata, aikin kuma yanzu mallakar gidan Tate ne na Landan, baƙin da ba su san sunanta ba suna tsayawa a kanta. Mu da muke rufe fuskar mamaci, muke fitar da yara daga ɗakin mai jinya in abu ya yi tsanani, wannan yana yi mana nauyi, kuma ina ganin nauyin daidai ne. Sai dai kafin mu yi wa Viola tofin Allah tsine, mu buɗe Facebook mu ƙirga hotunan iyaye a gadon asibiti da roba a hanci, da na gawarwaki a wurin hatsarin mota, waɗanda 'ya'yansu da 'yan wucewa suka ɗora da rubutun “a sa shi a addu'a”. Viola ko ba komai ya gina mata ɗaki mai duhu da shiru. Mu a tsakanin tallan atamfa da barkwanci muke ajiye namu. Duk da haka ban wanke shi ba. Izinin da ba a samu ba, kyan ɗaki ba ya biyan sa.

Kuma kada a ce abin na can ƙetare ne kawai. Zina Saro-Wiwa, 'yar Ken Saro-Wiwa da gwamnatin Abacha ta rataye a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995, ta daɗe ba ta iya yi wa mahaifinta makoki irin na 'ya ba, don mutuwarsa ta zama ta duniya, ta jaridu da masu zanga-zanga. A 2011 ta aske kanta, ta zauna gaban kyamara ta yi kukan, ta kira aikin “Sarogua Mourning”. Ita ta zaɓi ranar, ita ta zaɓi abin da za a gani. Bayan nan ta yi “Eaten by the Heart” don wani baje koli a kan soyayya da aka buɗe a 2012 tsakanin Legas da biranen Houston da St. Louis na Amurka, inda ta bi diddigin yadda 'yan Afirka ke nuna ƙauna, har da tambayar ko sumba ɗabi'armu ce ko aro muka yi. Ɓangaren Legas a cibiyar CCA aka yi shi, wadda marigayiya Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007.

Wanda na fi so a ayyukanta shi ne “Table Manners”. Mutanen yankin Neja Delta ne, kowa zaune da kwanon abincinsa, yana ci da hannu yana kallon kyamara ido cikin ido har ya gama. Ba a cewa komai. Sai ka kalla za ka tuna cewa cin abinci ma sirri ne. Shi ya sa amarya ba ta iya ci a gaban dangin miji, shi ya sa mutum ba ya sakin jiki da kwano a gaban surukinsa. A nan kuwa mai cin ne yake kallonka, kai ne kake rasa inda za ka sa idonka. Ta ɓangarenmu na Arewa ma akwai Rahima Gambo, wadda a aikinta “Tatsuniya” ta ɗauki 'yan mata 'yan makaranta a Maiduguri suna wasanninsu cikin kayan makaranta, a garin da duniya ta saba jin sunansa a labarin tashin hankali kawai.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, ni mai koyon riƙe kyamara da saura wata kaɗan in karɓi takarda. Mun yarda cewa kusanci a fim yana nufin saurayi da budurwa, shi ya sa muhawararmu ba ta wuce a taɓa ko kada a taɓa. Alhali rayuwarmu cike take da taɓa jikin da babu wanda ya ɗauka. Kan yarinya a tsakanin gwiwoyin mai kitso awa uku, har barci ya ɗauke ta a cinyarta. Tururin ruwan jego da ganyen darbejiya a hannun kaka. Wanzami riƙe da haɓar dattijo, aska a maƙogwaronsa, suna hirar kuɗin taki. Ɗan da ke zuba wa mahaifinsa ruwan alwala tun ranar da hannun tsohon ya daina ɗaukar buta. Sannan ga namu salon na nuna ƙauna ta hanyar kaucewa, uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, amma ta san takunsa tun daga zaure. Yaya za a ɗauki wannan? Labari mai farko da ƙarshe ba zai iya ba, don babu abin da ya “faru”. Majigi biyu za su iya. Ita a wannan bango tana tsince shinkafa, shi a wancan yana cire takalmi, ba sa kallon juna, kai kana tsakiya.

Mafi yawanmu, har da ni, guntayen waɗannan ayyuka muke gani a YouTube, wato a cikin wayar da nake ta zagi tun ɗazu. Shi ya sa nake son ɗakin. Ga roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai. A makon ɗalibai mai zuwa, cikin kuɗin da ake kashewa a hayar lasifika da mai barkwanci, a ware mana aji ɗaya na kwana biyu. Majigi akwai a sassa, aro za a yi. Tagogi a rufe su da baƙin yadi ko kwali. 'Yan lantarki su ja waya su kula da janareta, 'yan gine-gine su tsara hanyar shiga da 'yar karkatarta, mu kuma mu kawo finafinan, kowanne kada ya wuce minti 5, da wayoyinmu ma za mu iya ɗauka. Na san za a ce wa zai zo kallon hannun mai kitso ana buga ƙwallo a fili? Ko mutum 30 ne suka shiga sun isa, ɗakin ma bai kamata ya ɗauki fiye da 6 a lokaci ɗaya ba.

Amma da sharaɗi. Duk wanda zai fito a fim, ko da yatsansa ne kawai, sai an nuna masa abin da aka ɗauka kafin a haska, ya ce ya yarda da bakinsa, kuma yana da ikon janyewa ko ana gobe buɗewa. Wanda ba zai iya cewa e ba, ƙaramin yaro ne ko mara lafiyar da ba ya cikin hayyacinsa, ba a ɗaukarsa. Ba za a ɗora komai a intanet ba, ko sitatus, in an tashi an tashi. A ƙofa kuma a ajiye kwali da mutum biyu, mace da namiji, duk wanda zai shiga ya ajiye wayarsa ya karɓi lamba, kamar dai ranar jarrabawa.

Ni har na yi magana da mai kitson unguwarmu a hutun da ya wuce. Ta ce ta yarda a ɗauki hannuwanta, amma ban da fuska, kuma sai ranar da ta sa lalle.